Goran da Na Hana a Yanka

Kututturen yana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa ban gan shi ba. Abin da na ji kawai wani ɗan sauti ne a ƙasan cikina, kamar an taka busasshen kara, sai goran da nake kwance a kansa ya yi wani nauyi da ban san shi da shi ba. Na ɗaga ƙirjina na leƙa bakinsa. Ruwa ne ke shiga ta gefe, siriri, a natse, kamar baƙon da ya riga ya san gidan.

Ban yi ihu ba. Gwaggo ce ta yi, daga bakin gaɓa inda mata ke wanki. Ta yar da rigar da take cuɗawa ta faɗo cikin ruwa har ƙugu, ita da ba ta taɓa iya iyo ba, tana miƙo hannu tana salati. Na rungumo goran da hannu ɗaya, na yi iyo da ɗayan, har ƙafata ta taɓa laka. Da na fito sai ta kama ni tana shafa haƙarƙarina, tana neman inda na karye. Ni kuwa goran nake dubawa. Tsaguwar ta taso daga gindi ta hau gefe, ta tsaya kaɗan kafin baki.

Wanda bai tashi kusa da ruwa ba zai ɗauka gora abin zuba nono ne ko fura. Namu ba irin wannan ba ne. Ƙaton duma ne zagayayye, wanda hannuwana ba sa haɗuwa in na rungume shi, da baki buɗe a samansa. Masunta kan kwanta rubda-ciki a kai, cikin mutum ya toshe bakin, iskar da ke ciki ta ɗauke shi, ya yi ta tuƙi da hannuwa da ƙafafu. In sun kama kifi su ɗaga ciki su jefa shi, su sake rufewa. Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar masunta ce, a wani ƙauye da ke bakin dam ɗin Shagari. Ita ta shuka wannan duman a bayan ɗakinta, ita ta rene shi, tun ina firamare. Mu a Bodinga muke zaune, inda Baba ke koyarwa, amma duk hutu a wurinta nake yi, kuma ita ce ta fara ɗora ni a kan goran, ta tura ni da ƙafa kamar tana ture kaza daga kan shanya.

Ban taɓa kama ko ɗan tarwaɗa ba. Ba kifi ne ya kai ni ba. Abin da nake jira shi ne iskar da ke zuwa gaban hadari, lokacin da gabas ta yi baƙi, ruwan dam ya tashi ya fara yin igiya. Sai in tuƙa in shiga ciki, in juya baya, in jira babbar. In ta zo takan ɗaga ni daga ƙafa, ta miƙa ni gaba, in ji duniya ta saki wuyana. Tana ajiye ni kusa da gaɓa in sake komawa. Ina sa tsohuwar doguwar riga da wando, in ɗaure kallabi tamau, kuma ban taɓa barin gefen mata ba. Ina yarinya dariya ake yi, a ce ga agwagwar tsohuwa. Da na shiga sakandare dariyar ta ragu. Da na gama kwalejin horon malamai aka ba ni aji a wata firamare a Bodinga, sai ya zama in na ɗauko goran, wankin ma kan tsaya.

Ranar da ya tsage ƙarshen damina ne. Na kai shi gida na jingina a inuwar rumbu, na zauna ina kallonsa, rigata na ɗiga. Gwaggo, wadda ke zaune tare da Kaka tun rasuwar mijinta, ta canza zani ta fito. Ta tsuguna ta ƙwanƙwasa gefen da bai tsage ba.

"Masaki na wanga," in ji ta. "A raba shi biyu, wanga ɓarin mai lahiya in riƙa sheƙar gero ciki. Gudan ko sakaina ta, a kwashe toka."

"Ba za a yanka shi ba, Gwaggo."

"To mi za a yi da shi? A yi mai wanka a sa mai likkahwani?"

'Yarta, taubashiyata, wadda muke sa'a ɗaya, tana daka a gefe. Ta tsayar da taɓarya.

"A'a Inna, ki bari malama ta kai shi asibiti. Kila a ba shi gado, a ƙara mai ruwa."

"Ruwan na dai yak kashe shi," na ce mata. "Ke ci gaba da dakanki, hannunki ya hi bakinki amfani."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta dube ni da idon da ta jima tana ajiyewa.

"Ke ɗiyagga, saurara. Allah na yay yanke maki abin da munka kasa yanke maki. Yau gora na, gobe haƙarƙarinki na. Ke malama ta yanzu. Ɗiyan mutane na kiranki malama, uwayensu na ganinki kwance bisa duma kina harba ƙahwa kamar kwaɗo. Ya isa hakanan."

A nan na gane ba masaki take nema ba, masakai uku gare ta a ɗaki. In wuƙa ta shiga goran nan, to gidan ya yanke hukunci, ruwa ya ƙare mini. Irinsa babu na sayarwa, masunta sun koma jarka, ba mai ɓata damina guda yana renon ƙaton duma. Ba wanda zai sake ce mini kada in shiga, ba kuwa zan sami abin shiga ba. Za a ci gaba da sheƙar gero a cikin rabinsa, ni kuma in riƙa wucewa ina gaishe shi.

Na shiga wurin Kaka da tabbacin ita kam tawa ce. Idonta ya yi rauni a lokacin, tana zaune bakin gado tana jan carbi. Na ɗora mata goran a cinya. Ta bi tsaguwar da babban yatsa tun daga gindi har sama, a hankali, kamar mai karatu.

"Ya mutu," ta ce. "Ba gwaggonki shi ta yanka."

"Kaka, ke ma?"

"Ni ma mi? Gora in ya sha ruwa ta ciki ya gama aikinai. Ni ba ni kukan duma."

Na ɗauke shi daga cinyarta na fita. Washegari na fito da shi naɗe a tsohon zani, na tsaya bakin titi. Yaron mota ya ce a ɗaure shi a sama tare da buhuna, na ce ko kusa. Na ɗora shi a cinyata tun daga Shagari har Bodinga, ba na ganin gabana, wata tsohuwa a gefena tana tambaya ko amarya ce a ciki.

Baba mutum ne mai sanyi, ba ya son a yi ta ja. Ya zagaya goran, ya leƙa ciki, ya ce ya tuna shekarar da aka shuka shi. Bayan kwana biyu sai ya shigo da jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce. Na san nufinsa alheri ne, ta haka yake cewa shi bai hana ni ba. Na gode masa. Amma na taɓa hawa jarka. Tana da kusurwa, tana cin haƙarƙari, igiya in ta zo sai ta mare ta gefe ta kifar, ba ta san yadda ake mirginawa tare da ruwa ba. Kuma ko ta iya, ba ita ake shirin yankawa ba. Na cika ta da ruwa na kai wa Inna, mahaifiyata, madafa.

Ranar kasuwa na kai goran wurin gyartai, tsohon da ke ɗinke fasassun ƙore a ƙarƙashin wata dalbejiya. Ya juya shi, ya yi murmushi.

"Hajiya, hura za ki dama ciki ko taron suna za a yi?"

"Hawa nike, Baba. Cikin ruwa."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi jakar littattafan da ke kafaɗata, ya mai da kansa ƙasa.

"Ɗinki kam ni ɗinke shi. Amma kowace huda ta basilla ƙohwa ta. Hatsi ba shi hita ta nan, ruwa ko shina shiga."

"Ka ɗinke. Ƙohohin ni san abin da zan yi da su."

Ya ɗinke shi da zaren kaba, ɗinki mai kyau, kamar kitson da aka yi wa yarinya ranar salla. Na samo guntun kwalta wurin masu facin jirgi, na narka a gwangwani a bayan gida, na bi ɗinkin ciki da waje da tsinke. Hayaƙin ya sa Inna tari, ta ce in dai aljanun ruwa ne ke kirana to wannan warin zai kore su, ta huta. Yatsuna suka yi baƙi, na je aji da su haka, yara na leƙe suna ƙus-ƙus. Da kwaltar ta bushe na cika goran da ruwa na zauna ina gadi. Bai ɗiga ba. Na yi ta shafa shi ina jin kamar na dawo da wani daga tafiya.

Na koma ƙauye a hutun da ya biyo baya, lokacin ana dashen albasa, ruwan dam ya ja baya ya kwanta lumui. Babu igiya, amma ba ita na zo nema ba. Na zo ne a gani. Na zaɓi hantsi, lokacin da bakin gaɓa ke cike da masu wanki, na wuce ta gabansu da gorana a ka, baƙin tabonsa na sheƙi. Gwaggo na nan, taubashiyata na nan.

Na shiga ruwa na kwanta a kan goran, ya ɗauke ni. Na tuƙa, na ji tsohon lilon nan a cikina, har na fara murmushi ni kaɗai. Abin da ban lissafa ba shi ne, ruwan da aka zuba a gora yana zaune ne kawai, amma mutum in ya hau, nauyinsa na buɗa tsaguwa. Kwaltar ta riƙe, ɗinkin ya riƙe, sai duman da kansa ya saki a gefen ɗinkin, inda basilla ta jera huda. Wani yanki kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗa ciki. Wannan karon ba siriri ruwan ya shigo ba. Na nutse a hankali, a gaban kowa, haɓata na sauka kamar rana, har na tsaya da ƙafafuna a ruwan da bai wuce ƙirjina ba.

Dariyar da aka yi har tsuntsaye sai da suka tashi. Taubashiyata ta zauna daɓas a kan wankinta tana riƙe ciki.

"Malama, an tashi makarantar? Ko jirgin na yak kai tasha?"

Na fito ina jan goran, ruwa na zuba ta ramin. Kunya ta kama ni, ba zan ce ba ta kama ni ba. Amma na ɗaga shi na zubar da ruwan, na sake ɗora shi a ka, na bi ta tsakiyarsu ba ta gefe ba.

Da la'asar Gwaggo ta fito da wuƙar fafe ƙwarya, ta zauna kan turmi tana wasa ta a dutse. Ba da faɗa ta zo ba, muryarta ma a sanyaye take.

"Kin gwada, mun gani. Kawo shi, tun ɓarin ga mai lahiya bai lalace ba."

Na jawo goran na zauna a ƙasa, na sa shi tsakanin ƙafafuna, na kwantar da hannuwana a kansa.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Wuƙagga ba ta taɓa shi."

"Kina ja da ni?"

"Ba ni ja da ke. Amma sai dai ki hwara da hannuna."

Gwaggo ta dakata da wasa wuƙar. Ni da ko tsawa aka yi wa wani sai idona ya kawo ruwa, ban san inda na samo wannan maganar ba. Sai muryar Kaka ta fito daga ɗaki.

"Ku turo man mai gawar nan."

Na shiga da shi, don ban yarda in bar shi a waje ba. Kaka ta sa na jawo wata tsohuwar tukunya daga ƙarƙashin gado. Ta lalubo wani ƙullin tsumma a ciki, ta riƙe bai bar hannunta ba.

"Ke kin ishe gora wankakke busasshe, kin aza hakanan ruwa ka haihuwa tai. Kin san abin da nic ci kahin shi kai hakanga? Damina guda ban tahi ko biki ba. Kuka kike ma abin da ba ki san wahalatai ba."

"To ki koya man."

"Hannun alli? Ke da ko ɗiyan kaza anka yanka sai ki ƙi cin tuwo?" Ta yi tsaki, ta jefo mini ƙullin a cinya. "Ga iri nan. Ba don ina tsammanin kin iya ba, don ki bar man gida da shiru na. Duma in ya yi ɗiya, guda ɗai aka bari. Sauran duka ki tsinke su tun suna ƙanana. Ki aza shi bisa rairai, ki riƙa juya shi. In kin ji tausai, ki samu ludduna."

Na kwance ƙullin. 'Ya'yan duma ne, farare-farare, masu faɗi, sun fi duk waɗanda na taɓa gani. Na ɗaure na sa a cikin fasasshen goran ta ramin da ya ɓalle. Da na fito Gwaggo na nan kan turmi da wuƙarta. Na durƙusa na ce mata sai da safe, tun rana ba ta faɗi ba. Ta kau da kai ta ci gaba da wasa wuƙar.

Kafin in bar ƙauyen na yi abu ɗaya. Ruwa ya ja baya sosai a lokacin, kututturan itatuwan da dam ya cinye duk sun fito da kawunansu, baƙaƙe, kamar tsofaffi a wurin zaman makoki. Na bi gaɓa ina duban kowanne, ina haɗa shi da abin da ke tsaye a tudu, wannan yana daidai da giginya, wancan yana daidai da bakin hanyar shanu. Na sami wanda ya fasa mini gora. Na daɗe a tsaye a gabansa. Gwaggo ta yi gaskiya a kan haƙarƙari, ban taɓa cewa ba ta yi ba.

Goran ya yi rani a ɗakina a Bodinga, a kusurwar da ke kallon gado. Inna ta so ta zuba tsummoki a ciki, na hana. Wata maƙwabciya ta roƙa don kazarta ta yi kwanci, na ba ta kwali. Wani lokaci in na dawo daga makaranta nakan kara kunnena a bakinsa, in ji wani gunji can ciki, kamar ruwa bai gama fita ba.

Da ruwan farko ya sauka na haƙa rami a bayan gidanmu, kusa da katanga, na zuba taki, na binne iri. Suka tsiro, na zaɓi mai ƙarfi na bari. A ranar da ya buɗe ganye na biyu na dawo na tarar da akuyar Inna tsaye a kansa, saura ƙiris. Na kore ta, kaji suka zo suna tono. Na tsaya ina duban abin da zan kife a kai, kwando zai hana shi haske, ƙaya kuwa kaji na ratsa ta. Sai na tuna da abin da ke kusurwar ɗakina.

Na fito da shi na ajiye a ƙasa. Na ɗauko dutsen niƙa. Abin da na hana wuƙar Gwaggo, na hana kazar maƙwabciya, ni na yi shi da hannuna, kuma ban yarda kowa ya tsaya kallo ba. Na bubbuge gindin a hankali, daga ramin da ya ɓalle, har ya fita duka. Na kife goran a kan tsiron, na tura gefensa cikin ƙasa, na tokare da duwatsu. Haske na sauka ta bakin da cikina ya saba rufewa. Na leƙa, ga ɗan tsiron a tsakiya, kore shar, a cikin ɗaki zagayayye. Akuya ta zo ta shinshina kwalta ta yi atishawa ta tafi.

Ba a jima ba kan duman ya leƙo ta bakin, yana lalube da 'yan zarurrukansa. Na kafa masa sanda ya sauko, ya bazu a ƙasa, ya cinye bayan gidan har Inna ta rasa wurin shanya. Furanninsa farare ne, ba sa buɗewa sai rana ta yi sanyi, kafin hantsi kuma sun yi yaushi. Nakan zauna bayan la'asar da littattafan yara a cinya, in manta da jan biro, ina kallonsu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai 'ya'ya suka fito, kuma a nan na gane abin da Kaka ke nufi. Ƙanana ne masu laushin gashi, kamar kan jariri, kowanne da tsohon furensa a baki. Na zaɓi guda, mai kauri a wuya. Sauran na daɗe ina zagaya su. Na ce bari in bar biyu, ko ɗaya zai lalace. Sai na ji tsakin Kaka a kunnena, na ga kaina ina shiga ƙauye da ludayi biyu a hannu, taubashiyata na jira. Na sa farce na tsinke. Kullum sai sababbi sun fito, kullum sai na tsinke, in tara a gefen zani in kai wa akuyar da ta so cinye uwarsu. Ban saba ba har aka gama. Yi kawai nake.

Na ɗebo rairayi na shimfiɗa masa. Ya yi ta girma, daga dunƙulen hannu zuwa kan mutum, zuwa tulu. Juyawar ce ta gagare ni. Duk lokacin da na sa hannu sai in ji wuyan na ƙara, in tsorata kada ya karye damina ta tafi a banza, in ɗan gusa shi kaɗan in bari. An yi bikin wata ƙawata a Danchadi, na je na dawo a yinin, ana ta mita. Baba kan fito da buta ya tsaya yana kallon duman, ya ce, "Ikon Allah," ya wuce.

Tsohon goran kuwa gara ta same shi tun tsakiyar damina. Ta bi ta ƙasa ta cinye shi daga ciki, ruwan sama ya ƙarasa. Wata rana na taɓa sai yatsana ya shige. Zuwa lokacin duman ya yi kaurin da akuya ba ta iya masa komai. Da ganye suka bushe na share wurin, ban sami komai ba sai ɗinkin gyartai, baƙin layin kwalta da zaren kaba a ciki, lanƙwashe kamar haƙarƙari. Shi gara ta ƙi. Yana cikin akwatina.

Na bar sabon har wuyansa ya bushe, sannan na yanke. Na fafe bakin, na cika shi da ruwa na bar cikin ya ruɓe. Warin ya kori kowa daga bayan gida, Inna ta rantse ba za ta sake barin a shuka ko kubewa a gidan ba. Na kwashe ruɓaɓɓen da hannu, na tsince irin na shanya, na kankare cikin, na ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali. Bai kai na Kaka ba. In na rungume shi yatsuna na taɓa juna. Kuma gefen da ya kwanta a kai ya baje, saboda juyawar da na ji tsoro.

Sai da wata damina ta kama, dam ya cika, na kai shi. Na wuce kai tsaye ɗakin Kaka na ɗora mata a cinya. Ta shafa shi duka, ta tsaya a bajajjen gefen, ta ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa, ta kara kunne.

"Ƙarami na," ta ce. "Kuma kin ji tsoron wuyanai, ga shi nan ya kwanta gehe guda kamar raggo."

"Amma gora na?"

Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Ba ludayi na ba dai. Ɗauke man shi, nauyi gare shi."

Da la'asar gabas ta haɗa, iska ta fara kaɗa zannuwan da aka shanya. Na sa tsohuwar rigata, na ɗaure kallabi. A bakin gaɓa mata na tattara wanki da sauri. Taubashiyata ta hango ni ta saki baki.

"La ilaha! Gawar ta haihu!"

Gwaggo ta miƙe da kwano a hannu. Ta dubi goran, ta dube ni, ba ta yi kama da wadda ta sauya ra'ayi ba, kuma ban zo da tsammanin haka ba. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tashi na shiga ruwa.

Na kwanta a kansa, cikina ya rufe bakin. Ya ɗauke ni, amma sai ya ja hagu, saboda bajajjen gefen. Na tuƙa, ya sake jan hagu, na yi zagaye guda cif a gaban mutane kamar jakin da aka ɗaure a turke. Na ji an fara dariya. Na gusa ƙuguna dama, na ƙara ƙarfin hannu ɗaya, ya miƙe. Na duba tudu na sami giginya, na sami hanyar shanu, na bi ta tsakaninsu inda na san babu kututture. Ruwan ya yi duhu, yana tashi yana faɗuwa, ɗigon farko ya sauka a wuyana.

Gwaggo na kirana daga gaɓa, tana cewa in fito hadari ya iso, in fito don Allah, malamar banza mai kunnen ƙashi. Na ji ta sarai, iska na kawo mini kowace kalma. Na juya goran na ba gabas baya, na kwantar da haɓata, na jira babbar.